Me Ya Hana Bankunanmu Komawa Kilawud Na Gida?

Tun watan Janairun 2025 da kamfanin Amazon ya ce sashensa na AWS, mai ba da hayar kwamfutoci ta intanet wato kilawud, zai fara karɓar naira daga kwastomominsa na Najeriya, sai kuma ga MTN a watan Yuli ya buɗe katafariyar cibiyar ajiye bayanai a Legas haɗe da nasa kilawud ɗin da ake biya da naira, wata tsohuwar muhawara ta sake tasowa, wato a ina ya kamata bankunanmu su riƙa ajiye bayanan kuɗin jama'a da manhajojin da suke aiki da su, a gida ko a waje. Maganar ta fi zafi a tsakanin ma'aikatan fasaha na bankuna, amma ta gangaro har wajen talaka mai asusu, kuma a hanya ta kwaso ƙura da yawa. Akwai masu cewa gwamnati ta riga ta haramta ajiye bayanan banki a ƙasar waje, akwai masu cewa duk ranar da taransifa ta maƙale to sabar da ke Amurka ce ta yi tutsu, akwai kuma masu ganin da zarar an dawo da komai gida shi kenan an rabu da "babu netwok". Duka ukun suna da ɗan ƙamshin gaskiya, amma babu wadda take daidai yadda ake faɗarta.

Wai shi kilawud ɗin mene ne?

Kalmar Turanci ce, ma'anarta gajimare, kuma sunan ne ma ya fara rikita mutane, don sai ka ɗauka bayanan suna can sama suna shawagi. Babu wani gajimare a ciki. Manyan kwamfutoci ne jere a kan kantoci na ƙarfe cikin wani gini mai tsananin sanyi da tsaro, su ake kira saba (wanda ya bi shari'ar zaɓen 2019 ai bai manta da rigimar sabar INEC ba), wani kamfani ne ya saye su ya girke, kai kuma kana hayar ƙarfinsu ta intanet kana biya gwargwadon abin da ka ci.

Kamar ɗan kasuwar hatsi ne. Yana iya gina sitonsa da kansa, ya ɗauki maigadi, ya sayi maganin ƙwari, ya gyara rufi idan ya fara yoyo. Yana kuma iya kama hayar sito a Dawanau, da kaka idan kaya sun yi yawa ya ƙara ɗaki biyu, da bazara idan ya sayar ya saki. Na biyun nan shi ne kilawud. Manyan bankunan Najeriya kuwa tun asali masu sitonsu ne, kowane yana da ɗakin sabobinsa, galibi a Legas, da wani na biyu na ko-ta-kwana a wani wurin daban saboda gobara ko ambaliya. Don haka duk wanda ya ce maka kuɗinka gaba ɗaya "yana Amurka" ya zarce gaskiya, uwar manhajar da ke riƙe da lissafin asusu a yawancin tsofaffin bankuna tana nan cikin ƙasa. Abin da ya fi tafiya waje shi ne na gefe-gefe, irin su imel na ma'aikata, wani ɓangare na manhajar waya, na'urar gano zamba, nazarin bayanan kwastoma. Sababbin shiga kuwa, kamfanonin fintek, wato masu hada-hadar kuɗi ta manhaja, da bankunan waya, da yawansu a kan kilawud na waje aka haife su, ba su taɓa mallakar saba ko ɗaya ba.

Hayar ma hawa-hawa ce. Akwai wanda fili kawai yake haya a cibiyar wani, ya kawo sabobinsa ya girke, su ba shi wuta da sanyi da tsaro. Wannan kam bankunanmu sun daɗe da rungumarsa, ba a nan gardamar take ba. Akwai wanda sabar kanta yake haya. Akwai kuma wanda manhaja gamammiya yake haya, ya shiga kawai ya fara aiki, kamar yadda ɗaruruwan ƙananan bankunan maikirofainans suke yi da BankOne wadda kamfanin Najeriya ne ya ƙera ta. Hawa na biyu da na uku, musamman ga manyan bankuna, nan ne gizo ke saƙar.

"Na gida" ɗin ma ba iri ɗaya ba ne

Rabin ruɗanin daga nan yake. Idan mutum ya ce kilawud na gida, yana iya nufin sabar tana kan ƙasar Najeriya, ko kamfanin na 'yan Najeriya ne, ko kuma da naira ake biya, kuma ba lallai ne ukun su haɗu a wuri ɗaya ba.

Ɗauki MainOne, wanda 'yar Najeriya Funke Opeke ta kafa, da cibiyarsa ta Lekki. Ginin yana Legas, ma'aikatan 'yan gida ne, amma tun 2022 kamfanin Equinix na Amurka ya saye shi a kan dala miliyan 320. Medallion ma Digital Realty na Amurka ya shiga ciki. Rack Centre da ke Ikeja masu zuba jari na Actis ne ke da kaso mafi tsoka. Huawei na China ya kawo nasa kilawud ɗin Legas, MTN kuwa uwar kamfanin tana Afirka ta Kudu. A ɗaya gefen akwai irin su Layer3 da Suburban da Nobus waɗanda na 'yan ƙasa ne, sai Galaxy Backbone na gwamnatin tarayya da aka kafa a 2006, wanda mafi yawan aikinsa na ma'aikatu da hukumomi ne.

Su kuma manyan duniya ukun nan, AWS da Azure na Microsoft da Google Cloud, babu wanda yake da cikakken sansani, wato babbar cibiyar sabobinsa, a Najeriya. Microsoft ya buɗe nasa a Afirka ta Kudu a 2019, AWS a Cape Town a 2020, Google a Johannesburg a 2024. Abin da AWS ya kawo Legas a farkon 2023 ƙaramin reshe ne mai 'yan ayyuka ƙalilan, yana jingine da babban sansanin da ke waje. Karɓar nairar da ya fara ma ba ta mayar da farashin na naira ba, lissafin a dala yake, a ranar biya ne ake juya shi. An rage wa kwastoma wahalar neman dala, ba a rage masa tsadarta ba.

Dala ce ta tayar da maganar, waya ta ƙara mata wuta

Shekaru da dama babu wanda ya damu sosai, sai da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023. Dalar da ake samu a hukumance kusan naira 460, kafin farkon 2024 ta haura 1,500. A yi misali da kamfanin da yake biyan dala dubu 100 a wata na hayar saba: da naira miliyan 46 yake fitarwa, yanzu miliyan 150 ne, bai ƙara ko kwastoma ɗaya ba, kuma shi kuɗin shigarsa naira ne. Ga harajin VAT na kashi 7.5 a kai. Ƙananan fintek su suka fi jin jiki, don babban banki mai rassa a ƙasashen waje yana da nasa hanyoyin samun dala, har wasunsu riba suka ci da faɗuwar nairar. Wannan bambancin yana da muhimmanci, shi ya sa za ka ga ƙanana sun fi rawar ƙafa wajen gwada na gida, manyan kuma suna jan ƙafa.

Sai ranar 14 ga Maris 2024, azumi yana kwana huɗu, manyan wayoyin intanet huɗu da ke kwance ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace kusan lokaci guda a gaɓar Kodebuwa. Intanet ta tsinke ko ta yi rauni a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma, manhajojin wasu bankuna suka ƙi buɗewa, wasu suka fitar da sanarwar ban haƙuri, ayyukan Microsoft ma suka samu tangarɗa a nahiyar. An samu sauƙi cikin 'yan kwanaki ta hanyar karkatar da zirga-zirgar zuwa wasu wayoyin irin su Equiano ta Google da Glo-1, amma gyaran kansa ya ɗauki makonni. Masu goyon bayan na gida har yau da wannan ranar suke kafa hujja: me ya sa ɗan Sabon Gari zai kasa tura wa ɗan Kantin Kwari kuɗi saboda waya ta tsinke a tekun Abidjan?

A bayan duk wannan kuma akwai yawan hada-hadar kanta. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 lokacin canjin naira, jama'a suka afka taransifa da POS, manhajojin tsofaffin bankuna suka riƙa durƙushewa saboda cunkoso yayin da OPay da Moniepoint da PalmPay suka kwashe kwastomomi. Alƙaluman NIBSS, cibiyar da ke haɗa taransifa tsakanin bankuna, sun nuna kuɗin da aka tura nan take ya tashi daga kusan naira tiriliyan 600 a 2023 zuwa sama da tiriliyan 1,000 a 2024. Mai sitonsa idan kaya suka ninka dare ɗaya sai ya yi odar saba daga waje ya jira watanni, mai haya kuwa danna maɓalli kawai zai yi. Darasin da bankuna suka ɗauka a 2023 shi ne suna buƙatar kilawud, na 2024 kuma ya nuna musu hatsarin dogaro da na waje kaɗai.

Me doka ta ce?

Babu doka guda ɗaya da ta ce duk bayanan banki dole su zauna a Najeriya, akwai dai ƙa'idoji daga hukumomi daban-daban, kowace ta kama wani gefe. Babban Bankin Najeriya tun 2011 a ƙa'idarsa ta POS ya ce duk cinikin da aka yi a cikin gida dole a sarrafa shi ta kamfanonin cikin gida, kada a zagaya da shi waje. NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, wadda aka naɗa Kashifu Inuwa Abdullahi ya jagoranta a 2019, tana da ƙa'idar 2013 da ta nemi a ajiye bayanan gwamnati da na kwastomomi a sabobin cikin ƙasa, sai kuma manufar kilawud ta 2019 da ta rarraba bayanai aji-aji gwargwadon sirrinsu, amma wannan ta fi fuskantar ma'aikatun gwamnati.

Dokar kare bayanai da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC, ba ta hana fitar da bayanan mutane waje ba. Sharaɗi ta gindaya, cewa inda za a kai su yana da kariya isasshiya, ko mai bayanan ya amince, ko wani dalilin da dokar ta lissafa. Babban kamfanin da ya saɓa ana iya cin tararsa har kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsa na shekara. Sannan akwai tsarin tsaron intanet na Babban Banki na 2018 da aka sabunta a 2024, wanda ya ɗora wa banki alhakin binciken duk wani kamfanin da ya ba wa aikin fasaha.

Wato lauyan banki idan ya zauna da takardun nan zai ga wata ta ce a ajiye a gida, wata ta ce a fitar bisa sharaɗi, kuma idan doka ta bar ƙofa biyu, banki wadda ba za ta jawo masa tambaya ba yake bi: ya bar uwar manhajar a ɗakinsa inda take, na gefe ya kai inda kowa yake kaiwa. Mai kilawud na gida sai ya tashi a tsakiya, babba ba a ba shi ba, ƙarami an kai waje.

Abin da bankunan suke tsoro

Na farko wuta. Cibiyar bayanai ba ta san "an ɗauke" ba, sabobin suna cin wuta dare da rana, na'urorin sanyaya su ma suna cin tasu mai yawa, a garin da zafi da laima ba sa ɗaga ƙafa. Ma'aunin da duniya ke amfani da shi, na Uptime Institute, cibiya mai mataki na uku ana sa ran tsayawarta duk shekara kada ta kai awa biyu, mai mataki na huɗu kuwa ƙasa da rabin awa. A ƙasar da babban layin wuta ya faɗi sau da dama a 2024 kaɗai, cimma wannan yana nufin janaretoci jere da tankunan dizal da batura, ko tashar gas ta kanka. Ana cimmawa, manyan cibiyoyin Legas suna da shaidar, sai dai da tsada. Kuɗin wutar rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawan awanni, ya tashi daga naira 68 zuwa 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, dizal ya haura naira dubu a lita. Sabobin kansu da batura da kayan gyara duk da dala ake shigo da su. Saboda haka farashin naira na mai kilawud na gida ba ya tsalle kowane wata kamar na waje, amma idan lokacin sabunta kwantiragi ya zo dalar tana nan a ciki, ta ƙofar baya ta shigo.

Na biyu kaya. AWS yana da ayyuka sama da 200, daga rumbun bayanai da yake gyara kansa har kayan ƙirƙirarriyar basira. Na gida yawanci sabar haya da wurin ajiya da 'yan abubuwa kaɗan suke da su. Bankin da ya gina manhajarsa a kan kayan da AWS kaɗai ke da su, ƙaura a wajensa ba kwashe kaya a zuba a mota ba ce, sake rubuta manhajar ne. Ma'aikatan da za su yi aikin kuma a kan AWS da Azure suka yi karatu suka karɓi satifiket, don shi ne ke samar musu aiki a ko'ina, kuma da yawa daga cikin ƙwararrun guguwar japa, wato tserewa ƙasashen waje neman aiki, ta kwashe su zuwa Ingila da Kanada tun wajen 2022.

Na uku, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne amana. Banki idan zai sa hannu a kwantiragin shekara biyar yana tambaya ne, kamfanin nan zai kai shekara biyar ɗin? Okra misali ne da ba a daɗe da gani ba. Kamfanin fintek ne da ya yi suna, ya ƙaddamar da kilawud mai suna Nebula a ƙarshen 2024 da alƙawarin biya da naira, kafin tsakiyar 2025 ya rufe harkokinsa. Ba wai hakan ya shafa wa sauran baƙin fenti ba ne, wasunsu sun haura shekara goma suna aiki, amma kwamitin kula da hatsari na banki irin wannan labarin yake riƙewa. Ga kuma takardun shaida irin su ISO 27001 da PCI DSS da ake nema kafin a taɓa bayanan kati, samunsu da sabunta su duk shekara kuɗi ne. A nan ne abin ya zama kamar na kaza da ƙwai: mai kilawud ba zai iya faɗaɗa ba sai ya samu babban kwastoma irin banki, banki kuma ba zai zo ba sai ya ga an faɗaɗa. Bashin da zai ci ya faɗaɗa ɗin ma, daga bankunan ne, da ruwan da ya kusa kashi 30.

Akwai kuma tsoron ƙaurar kanta, kuma wannan kowa ya ɗanɗana. A watannin ƙarshe na 2024 Sterling ya bar manhajar Temenos ya koma SeaBaaS wadda kamfanin Najeriya mai suna Peerless ya ƙera, Zenith ya koma Flexcube ta Oracle, GTBank ya koma Finacle ta Infosys na Indiya. Kwastomomi sun yi kwanaki, wasu makonni, suna fama da taransifa da ba ta isa ba da alat da bai shigo ba, har hukumar kare masu saye ta FCCPC ta ja kunnen bankuna. Wannan canjin manhaja ne ba canjin kilawud ba, amma ciwon iri ɗaya ne, kuma abin lura shi ne wanda ya koma ta gida da waɗanda suka koma ta waje duk sun sha. Shugaban bankin da ya ga wannan, kuma a lokaci guda Babban Banki ya ɗora masa neman jarin naira biliyan 500 kafin ƙarshen Maris 2026 idan yana son riƙe lasisin ƙasa da ƙasa, ba zai yi gaggawar wata sabuwar ƙaurar ba.

Hujjar kowane ɓangare

Masu son a dawo gida suna cewa, ban da dala da wayar teku, akwai maganar iko. Amurka tana da doka tun 2018 da ta ba hukumominta damar neman bayanai daga kamfanoninta ta hanyar kotu ko da a wata ƙasa aka ajiye su. Sun kuma ga yadda Microsoft ya yanke wa kamfanonin Rasha ayyukan kilawud a 2024 saboda takunkumi. Najeriya ba ta cikin wannan halin, amma a ganinsu bai kamata makullin tsarin kuɗin ƙasa ya zauna a aljihun wani ba. Suna ƙarawa da saurin aiki, saƙo daga Legas zuwa Landan ya dawo yana cin kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, wanda ba komai ba ne sai ka tuna taransifa ɗaya tana iya yin irin wannan zuwa da dawowar sau da yawa. Sai ayyukan yi da kuɗin da zai zauna a gida.

Ɗaya ɓangaren suna cewa wurin da saba take ba shi ne tsaro ba. Mai kutse bai damu da Lekki take ko Dublin ba, kuma manyan kamfanonin duniya suna kashe wa tsaro kuɗin da na gida ba zai iya ba. Suna cewa tilastawa za ta haifar da 'yan kamfanoni kaɗan da ba su da gasa, farashi ya hau, inganci ya sauka. Suna kuma nuna cewa tara komai a Legas, gari ɗaya a bakin teku mai fama da ambaliya, shi ma hatsari ne. Kuma wanda yake tsoron idon gwamnatin waje a kan bayanansa, akwai mai tsoron idon ta gida.

Sai dai su ma na wajen ba ma'asumai ba ne. Ranar 20 ga Oktoban 2025 tangarɗa a sansanin AWS na Virginia ta tsayar da manhajoji a faɗin duniya na tsawon sa'o'i, har da na wasu bankunan Ingila. Turai ma ta damu da dogaro da kamfanoni uku kacal, shi ya sa dokarta ta DORA da ta fara aiki a Janairun 2025 ta tilasta wa bankuna su tanadi hanyar ficewa daga hannun duk wanda suka ba hayar. Indiya ta fi kowa tsauri: babban bankinta ya ba da umarni a 2018 cewa bayanan biyan kuɗi a Indiya za su zauna, da Mastercard bai cika sharaɗin ba aka hana shi ɗaukar sababbin kwastomomi daga Yulin 2021 har kusan shekara guda. Amma a lokacin da Indiya ta yi wannan AWS da Microsoft da Google duk suna da sansani a cikin ƙasarta, umarnin ya tarar da wurin ajiya a shirye. Wanda zai kwafo dokar Indiya zuwa Najeriya sai ya haɗa da wannan.

Abin da ake gani a aikace shi ne raba ƙafa. Lissafin asusu a sabar banki da ke cikin cibiyar haya a Legas, wani aikin a AWS ko Azure, kwafin ko-ta-kwana ko sabon aikin gwaji a wajen na gida. Ta wannan ƙaramar ƙofar ce na gida suka fi samun shiga.

Ina talaka a ciki, musamman na Arewa?

Ta aljihu, kada a sa ran ragi nan kusa. Kuɗin taransifa Babban Banki ne ya ƙayyade shi, a jadawalinsa na 2020 ya sa naira 10 ko 25 ko 50 gwargwadon abin da aka tura, don haka ko banki ya samu sauƙin hayar saba ribarsa ce za ta ƙaru. Tsada kuwa tana nemo hanyarta zuwa kwastoma, kamar yadda kuɗin alat na tes ya tashi daga naira 4 zuwa 6 a Mayun 2025 bayan an ƙara wa kamfanonin waya kashi 50, da naira 100 da ake cira a kan kowace dubu 20 a ATM ɗin wani banki tun Maris na shekarar. Inda sauƙin zai fi tasiri shi ne ƙananan bankunan maikirofainans da fintek masu tasowa, waɗanda kuɗin saba yana iya zama shi ne tsakaninsu da rufewa, kuma su ne suke kaiwa ƙauyukan da babban banki bai taɓa buɗe reshe ba.

Ta netwok kuwa, taransifa ɗaya sarƙa ce: wayarka, turken sabis na unguwarku, wayar faiba da ta bi gefen titi har Legas, sabar bankinka, NIBSS a tsakiya, sabar bankin wanda ka tura wa. Kilawud na gida zobe ɗaya yake cirewa, na tekun nan. Ga mai POS a Funtua ko Gashuwa, Legas ɗin ma nesa ce, tafiyar kusan kilomita dubu ko fiye, kuma faibar da ke tsakani kullum masu aikin titi da ɓarayi suna tsinka ta, abin da ya sa a 2024 gwamnati ta ayyana kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da taɓa su laifi ne. A Satumbar 2021 da aka rufe layukan waya a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda 'yan bindiga, da kuma Oktoban 2024 da yawancin Arewa ta yi fiye da mako a duhu bayan lalacewar layin Shiroro zuwa Kaduna da faɗuwar wanda ya biyo ta Makurdi, babu ruwan kowa da inda sabar banki take, waya ce babu caji ko babu sabis.

Kusan duk manyan cibiyoyin 'yan kasuwa a Legas suke, saboda nan wayoyin teku suka sauka kuma nan hedikwatar bankuna take. A Arewa abin da ya fi fitowa fili shi ne cibiyar Galaxy Backbone ta Kano da Shugaba Buhari ya buɗe a Janairun 2023 zamanin Isa Pantami yana minista, wadda aka gina a matsayin mai mataki na huɗu. Ga bankin da yake neman wurin ko-ta-kwana nesa da teku, tazarar Kano da Legas abin so ce. Abin da zai sa ya sa hannu shi ne ya ga faiba fiye da ɗaya ta hanyoyi daban-daban tsakanin garuruwan biyu, wanda shi ne shirin shimfiɗa kilomita dubu 90 da ministan sadarwa Bosun Tijani yake tallatawa ya yi alƙawarin samarwa.

Abu ɗaya da ƙaurar ba ta canzawa shi ne wanda za ka riƙe idan an cire maka kuɗi bai isa ba. Ko a Ikeja sabar take ko a Cape Town, bankinka ne ke da alhaki, ba zai tura ka wajen mai hayar ba. Ƙa'idar da Babban Banki ya fitar a 2020 ta ce kuɗin da ya maƙale a ATM ɗin bankinka a mayar nan take ko cikin awa 24, na wani banki cikin awa 48, na POS cikin awa 72, kuma idan ka kai ƙorafi a rubuce aka yi mako biyu ba a warware ba, sashen kare kwastomomi na Babban Bankin yana karɓar ƙara.